Zanin Gado Mai Shuɗin Baki

Asabar, 14 ga Satumba

Mun tashi a jirgin ruwa daga Dubrovnik da la'asar, ni da Tonka ƙanwar mijina. Ba da ita aka shirya tafiyar ba, amma ga ta can a barandar ɗakinmu ta miƙe ƙafa tana cin inabi, sai ka ce ubanta ne ya ƙera jirgin.

'Yata Zorka ce ta sayi tikiti biyu, nawa da na babanta, don murnar cikarmu shekara arba'in da biyar da aure. Mijina Baldo ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata ana biya na in hau ruwa, yanzu kuma a biya don in hau? Ki ba Tonka." Ko ɗaga kai bai yi ba.

Wannan da na haɗiye, na saba. Abin da ya tsaya mini a wuya zanin gadon ne.

Tun ina amarya, duk ranar da jirginsa zai ratsa mashigin ruwan da ke tsakaninmu da tsibirin Korčula nakan shanya shi a barandar sama, kamar yadda uwata ta yi wa ubana, kamar kowace matar ɗan jirgi a kan tudunmu. Nawa fari ne mai shuɗin baki, ni na yi masa bakin da hannuna don kada ya ruɗe da na maƙwabta. Rani da damina, da ciki da goyo. To, cikin watan jiya na sauka ɗakin ajiya na tarar da Baldo yana goge injin kwalekwalensa da wani tsumma. Na tsaya ina kallon shuɗin da ke gefensa.

Na ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya ce, "A ƙasan akwati. Ai ya tsufa. Ga laushi, yana shan mai sosai."

Yana shan mai sosai! Ya yayyaga shi gida-gida, ya jera a kan kanta, kowanne a ninke.

A ƙasan jakata akwai rigar sanyina, da tukunyar kofi ta uwata, da magungunana na wata uku. A Trieste jirgin zai ƙare tafiyarsa, can Zorka take, kuma ɗakin ɗanta babu kowa tun da ya tafi karatu. Ba na jin zan koma gida. Tonka ba ta sani ba.

Baldo ne ya kawo mu tasha. Da ya ɗaga jakar ya ji nauyinta, ya leƙa ta gefen da zif bai rufe ba, ya hango rigar sanyin, ya ce, "Satumba muke fa, tsohuwa." Na ce na san wata. Ya durƙusa ya ɗiga wa tayar jakar mai daga ɗan gwangwanin da ba ya rabo da shi, wai tana ƙara. Sannan ya ce, yana kallon tayar, "Na duba. Lahadi ta sama za ku ratsa mashigi."

Na ce, "To, sai me?"

Ya mayar da gwangwanin aljihu, bai ɗago ba. Ni ma ban waiwaya ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Wannan ba jirgi ba ne, gari ne aka ɗora wa ruwa. Shaguna, gidan rawa, wurin ninƙaya har biyu, itatuwa a tukwane. Ƙasa duk darduma, ba ka jin takun kowa. An ba mu wani mutum mai suna Ramil, aikinsa kawai ya gyara mana ɗaki safe da yamma. Kafin ya zo da safe na gyara gadona tsaf, don kunya. Ya shigo ya duba, ya yi murmushi, ya warware ya sake. Ya naɗe tawul ya yi agwagwa da shi ya ajiye a kan matashi. Tonka ta ɗauki hoton agwagwar ta aika wa duk matan coci.

Zannuwan gadonsu kuwa, ban taɓa taɓa irinsu ba. Na murza bakin ɗaya tsakanin yatsuna har Tonka ta ce, "Matar yaya, saya za ki yi ko sata?"

Da hantsi muka shiga ruwan Kotor. Na tsaya a can saman jirgi ina kallon gidaje a jikin dutse. Wata mata ta buɗe taga tana kakkaɓe wani abu fari, mayafin tebur ko zani, ban sani ba. Daga nan sama bai fi ƙwayar shinkafa ba. Da ban ƙura ido ba da ban ma lura da ita ba.

Ban ji daɗin ganin nan ba. Na koma ciki.

Litinin, 16 ga Satumba

Kofin da suke dafawa ruwa ne zalla. Babba a kofi, ba komai a baki.

Yau ba wanda ya tsaya a kaina yana gyara mini yadda ake riƙe wuƙa. Na yanka burodi yadda na ga dama. Ya karkace.

Talata, 17 ga Satumba

Corfu. Zafi, da shagunan tsarabar da ba ta da amfani. Na dawo jirgi da wuri saboda gwiwata.

Tonka ta samo wani Bajamushe mai jan wuya, matarsa ta rasu, suna koyon rawa tare da yamma. Mace mai jikoki biyar! Ba ta jin yarensa, ba ya jin namu, amma dariya suke kamar an biya su. Na ce mata, "Ki ji tsoron Allah, ƙugunki na ƙarfe ne." Ta ce, "Shi ya sa ba ya gajiya."

Ni zaman banza ne ke neman kashe ni. Ka zauna a kawo maka, ka tashi a share bayanka. Ina ta yawo a lunguna har na gangara hawa na huɗu, na tarar da wani ɗan ɗaki ba taga, an tanade shi don fasinjan da ke son wanki da kansa. Injinan wanki, teburin guga, dutsen guga mai kyau. Ba kowa. Masu kuɗi ba sa zuwa nan. Na kwaso rigunana da na Tonka na goge su duka, har da waɗanda ba su yamutse ba. Tun da na hau jirgin nan sai yau na ji numfashina ya daidaita.

Ina guga ina tuna yadda gidana yake kafin Baldo ya yi ritaya. Wata tara yana ruwa, wata uku yana gida. A wata ukun nan baƙo ne, ana yi masa girki mai kyau, a yi dariya, kafin a gaji da juna ya tafi. Yanzu shekara huɗu ke nan yana gida. Ya mayar mini da kicin ɗakin inji. Ya liƙa wa kowane gwangwani suna, kamar ban san gishiri ba. Ya sa wa duk ƙofofi mai, har ba na jin shigowar mutum sai dai in gan shi a bayana. Yana ci a tsaye. In na kunna murhu na leƙa waje, sai ya kashe, ya ce, "Ba a barin wuta ba mai tsaro." Na ce nan gida ne, ba jirgi ba. Ya ce wuta ba ta san bambanci ba.

Ban taɓa zaton zan yi kewar lokacin da nake kewarsa ba.

Da na hau da rigunan, na tarar Tonka ta buɗe jakata tana neman man shafawa. Rigar sanyin na hannunta.

"Dinka, wannan fa?"

"Riga ce."

"Na ga riga ce, ba makauniya ba ce ni. Da tukunyar kofi? Ke, gudu za ki yi da tsufanki?"

Na ce ba gudu ba ne, hutu ne mai tsawo. Ta zauna a bakin gado, rigar a cinyarta. Can ta ce, "Yayana jaki ne, kowa ya sani. Amma jakinki ne." Na ce to na sake shi ya yi kiwo.

Laraba, 18 ga Satumba

Yau ba mu tsaya ko'ina ba, ruwa kawai. Da yamma aka yi babbar liyafa, kowa ya ci ado, manyan ma'aikatan jirgi suka rarrabu a tebura cikin fararen kaya. Aka kawo mana ɗan ƙasarmu, Andro, mutumin Lošinj, shi ne na biyu a ɗakin inji. Mai furfura a gefen kai, hannuwansa irin na Baldo sak: an wanke su fes amma baƙin mai na nan a gindin farce. Na kasa ɗauke ido daga kansu.

Cokula da wuƙaƙe jere a gefen faranti kamar kayan tiyata. Aka kawo ɗan kifi guntu a tsakiyar ƙaton faranti, an yi masa zane da miya. Andro ya sunkuyo ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ni ma in na sauka sai na soya ƙwai." Nan take na ji ya kwanta mini.

Tonka, da bakinta ba ya rufuwa, ta kwashe labarinmu ta zuba masa. Mijina ɗan inji ne, gidanmu na kan tudu, ran Lahadi za mu wuce ta ƙofar gida. Har zancen zani. Ya yi dariya ya ce kakarsa ma haka ta yi wa kakansa. Ni kuma, don in nuna nawa mijin ba baya ba ne, na ce Baldo bai taɓa wucewa bai hau sama ya gani ba, ko da sau ɗaya.

Andro ya ajiye cokali. "Ɗan inji? A mashigi? Haba Inna. In jirgi ya shiga matsatsin ruwa ai ba mai motsawa a cikinmu. Kowa na bakin aikinsa har a fita, don ko yaushe kyaftin na iya neman a ja baya. Wanda ya bar inji a mashigi, a tasha ta gaba zai sauka da jakarsa."

Na ce, "To yaya yake sanin abin da na shanya?"

Ya ce, "Na sama ke duba mana. Wani a ɗakin tuƙi, ko kuku in ya fito zubar da shara, ya ɗauki madubin hangen nesa ya duba, ya bugo waya ƙasa: wane, matarka ta yi shanya, iska na kaɗa ta. Shi ke nan, ka ji daɗi ka ci gaba da aiki. Ni na wuce gidanmu ya fi a ƙirga, ban taɓa ganinsa daga ruwa ba."

Da fara'arsa ya faɗa, bai san abin da ya yi ba. Tonka ta so taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur, sai dai tawa ta taka.

Na cinye kayan zaƙin tas. Ban san me na ci ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ashe kuku nake yi wa shanya.

Juma'a, 20 ga Satumba

Sicily. An zuba mu a mota an kai mu tsohon gari, wata yarinya na gaba da laima a ɗage muna binta kamar tumaki. Lunguna cike da shanya daga taga zuwa taga. Turawan Arewa sai ɗaukar hoton kamfan mutane suke. Na zauna a bakin wata rijiya na ce su same ni in sun gama.

Abin da ke ci mini rai, yadda yake faɗa. In ya dawo gida, ya ajiye jaka, ya wanke hannu, sai ya ce, "Na ga shanyarki. Iska ta naɗe gefen hagu." Ko ya ce, "Wannan karon kin sa shi ƙasa-ƙasa." Ni kuma in yi ta jin daɗi kamar yarinya. Na tuna wata hunturu Zorka na jaririya tana zazzaɓi, iskar arewa ta tsinke igiyar. Na ajiye ta a gado tana kuka, na fita na riƙe zanin da hannu biyu a bakin baranda har jirgin ya shige, yatsuna suka daskare suka tsage. Da ya dawo ya ce, "Na gan ki kin riƙe da hannu. Ba ki da hankali?" Na yi shekaru ina riƙe da wannan faɗan a zuciyata kamar kyauta.

Bai gan ni ba. Faɗa masa aka yi.

Da ya ce mini gaskiya tun farko, da na ci gaba da shanyawa? Ban sani ba. Wataƙila. Amma da na san wa nake yi wa.

Na kira Zorka na ce ta gyara ɗakin. Ta ce, "Mama, kin tabbata? Baba ya sani?" Na ce babanki ya san komai, sai dai a faɗa masa ta waya. Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

Tonka ta ce Baldo ya kira ta da rana. Shi da ke cewa wayar hannu ta marasa aikin yi ce. Wai tambaya yake, ɗakinmu a dama yake ko a hagu. Ta ce masa hagu. Wai ya yi tsaki ya ce, "Tudu a dama zai kasance. Ku hau sama." Ya kashe, ko gaisuwa babu.

Asabar, 21 ga Satumba

Ruwa ya tashi yau. Rabin jirgi na kwance, ɗakin cin abinci wayam, an rataye jakunkunan amai a jikin matakala. Tonka ta galabaita da amai, Bajamushenta ma bai fito ba. Ni ko gezau. Ashe ina da cikin 'yan jirgi, ban taɓa samun damar sani ba.

Na kwanta da rana, kunnena a kan matashi, sai na ji shi: wani gurnani can ƙasa, ba ya tsayawa. Duk waɗannan fitilu da kiɗa da agwagin tawul, a kansa suke zaune. Akwai mutane a can cikin zafi, ba taga. Na juya matashin. Har yanzu ina ji.

An sanar gobe da hantsi za mu ratsa mashigi, wai fasinjoji su fito da na'urorin hoto. Tonka ta lallaɓa ta aro madubin hangen nesa wurin Andro.

Na ce mata ba zan hau ba. Na san kamannin gidana.

Ta ce, "Dinka, kada ki yi abin da za ki zo kina cizon yatsa."

Na ce yatsun nan sun ga abin da ya fi cizo.

Lahadi, 22 ga Satumba

Bari in rubuta yadda aka yi.

Bayan karin kumallo kowa ya yi sama, ni na yi ƙasa. Na ɗebi rigunan da na riga na goge ran Talata na tafi ɗakin guga. Na jona dutse na fara. Ina sane da abin da nake yi: so nake jirgi ya wuce, in ya tambaya a ce masa ba ta fito ba. Ya ɗanɗana.

Ina kan riga ta biyu sai ƙahon jirgi ya busa, sau uku, gaisuwar da ake yi wa cocin da ke kan dutse. Daga baranda na saba jin sa, daga nesa, sannan ƙararrawar coci ta amsa. Ban taɓa jin sa daga ciki ba. Ta tafin ƙafa ya shigo mini. Ƙararrawar kuwa ba ta iso nan ƙasa ba sam.

Sai wayata ta yi ƙara. Tonka, tana ihu, iska na kaɗa muryarta.

"Dinka! Hau! Hau yanzu, don girman Allah! Mahaukacin nan ya kwashe miki akwati kaf!"

Na ce me?

"Zannuwa! Duka! Ya ja igiya daga baranda har itacen ɓaure, daga ɓaure har katangar maƙwabta. Tudun ya yi fari fat! Har na kayan aurenki masu aikin hannu da ba kya bari a taɓa. Ke, hau mana!"

Na fita a guje, ni da gwiwar nan. Na kai bakin matakala, na taka ɗaya, biyu, sai na tuna dutsen guga. A kife na bar shi a kan rigar Tonka, a jone. Na tsaya. Na rantse na tsaya ina cewa a raina minti nawa ne, wa zai sani. Amma jirgi ne, mutane dubu a kai. Ba a barin wuta ba mai tsaro. Na koma. Na zare waya daga bango, na tayar da dutsen, na taɓa rigar na ji ba ta kama ba, sannan na sake fita.

Lif ya zo cike da mutane da tawul a wuya. Na biyu ma haka, kuma ƙasa ya nufa. Na kama matakala. Wayar na kunnena, Tonka ba ta yi shiru ba.

"Ga shi nan, ina ganinsa! Yana tsaye a baranda da farar rigarsa ta coci. Ya cire hula. Iska ta naɗe na gefen dama, yana ta fama da shi. Dinka, akwai wani a tsakiya... wannan wane irin abu ne? Duk baƙin tabo, an harhaɗa shi gida-gida. Yana da shuɗi a baki. Wayyo Allah, Dinka, ɗinke shi ya yi. Kina ina?"

Ina hawa na bakwai, na riƙe ƙarfe ina haki. Wani ma'aikaci ya tambaye ni ko a kira likita, na ture shi. Na takwas. Na tara. Na fito ta wata ƙofar gilashi na ga ruwa da Korčula, ashe hagu na fito. Na ratsa ta tsakiyar masu kwance a bakin wurin ninƙaya, na take wa wata tabarau, ban tsaya ba.

Da na isa bakin ƙarfen dama, gwiwar tsaunin nan mai dogayen itatuwa ta riga ta rufe ƙauyenmu. Dutse kawai, da ruwa. Mutane na mayar da wayoyinsu aljihu, suna dariya, wata na ce wa mijinta wai ko al'adar biki ce.

Tonka ta miƙo mini madubin, fuskarta sharkaf. Me zan duba?

Ta ce, "Da kin yi sauri kaɗan." Na ce na koma kashe dutsen guga. Ta dube ni ta dube ni, ta ce, "Kai, Allah ya haɗa ku."

Na zauna a kan wata doguwar kujera ta masu shan rana, na yi kukan da ban yi ba ranar da na ga tsumman. Wani yaro mai tire ya kawo mini lemo da 'yar laima a ciki.

Da la'asar ya kira. Wayata, ba ta Tonka ba.

"Tsohuwa."

"Tsoho."

"Iska ta yi yawa yau."

"Haka ne."

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Kin gani?"

Na buɗe baki in gaya masa. Da niyyata ke nan tun safe, har na tanadi kalmomin. Sai na ji na ce, "Na gani."

"Na tsakiyar fa?"

"Na gan shi. Ɗinkinka kamar na buhun dankali."

Ya yi wata 'yar dariya ta koma tari. Ya ce da zaren komar kamun kifi ya yi, allurata ta ƙi shiga hannunsa. Ya ce man bai fita ba, ya dafa shi sau biyu. Sannan ya ce an ce za a yi ruwa ran Alhamis. Na ce to ya kwashe kafin nan. Ya ce zai kwashe, sai dai bai san yadda nake ninke su ba.

Bai tambaye ni rigar sanyi ba. Ban tambaye shi kuku ba.

Litinin, 23 ga Satumba

Split. Ban sauka ba, gwiwa ta kumbura. Ramil ya kawo ƙanƙara a tawul, wannan karon ba agwagwa.

Abu ɗaya a rayuwata da aka shanya domina, kuma ina ƙasa ina guga. Ba wanda ya hana ni hawa. Shi aƙalla aiki ne ya riƙe shi.

Na sa Tonka ta sake faɗa mini tun daga farko, a hankali: wanne ke kusa da ɓaure, wanne ke kan katanga, hular a wane hannu. Ta ce, "Sau nawa zan faɗa?" Na ce har sai na haddace.

Talata, 24 ga Satumba

Trieste. Zorka ta tarye mu, ta gyara ɗakin tsaf, har da fure a tulu da sabon bargo. Ta buɗe mini rabin kabad. Na rataye riguna biyu. Tukunyar kofin na bar ta a jaka, murhunsu na lantarki ne, ba za ta yi daɗi a kai ba.

Tayar jakar ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba duk tafiyar nan.

Na tambayi Zorka lokacin motar da ke gangarawa kudu. Ta ɗaga gira. Na ce ba wani abu ba ne, zannuwan aurena ne. In na bar shi zai ninke su da danshi, ko ya liƙa wa kowanne suna. In na kintsa su sai in ga abin da ya dace. Ta ce, "To, Mama," tana kallon Tonka, su biyun suna cije leɓe. Su suka sani.

Na san zai sake tambaya, yana wanke hannu, ba tare da ya dube ni ba. Zan ce masa iska ta naɗe na gefen dama.